Sensar iskar taya ta Autel MX-Sensor: ta cancanci kuɗinta?

Idan fitilar gargaɗin iskar taya da ke gaban direba ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya bayan an tada mota, sannan ta tsaya a kunne, ba iska ce ta ragu ba, galibi sensa ce ta mutu, wato ƙaramar na'urar da ke cikin taya tana auna iska. Batirinta a manne yake cikin roba, ba a canza shi. Shekara 5 zuwa 10 yake yi, shi ya sa wasu motocin tokumbo ke isowa da nasu a gajiye.

A nan MX-Sensor, sensar canji ta kamfanin Autel, ta yi fice. Guda ɗaya tana aiki da zangon rediyo biyu da sensa ke aika wa mota saƙo da su, 315 MHz na yawancin motocin Amurka da 433 MHz na Turai, kuma ana kwafa mata lambar tsohuwar sensa, mota ta karɓe ta ba gardama. Aibinta? Sai da na'urar Autel, irin TS508, ake saita ta, ba kowane gareji ke da ita ba.

Sensar mai bawul na ƙarfe ana ɗaure notinta a 4 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), wuce haka robar da ke toshe bawul ta tsage, iska ta riƙa tsiyaya. A kuma gargaɗi mai faci kada ya danna bakin taya daidai bawul, nan sensar take kwance. In ɗaya ta mutu don tsufa, gara a canza huɗun.