Alaimen na kwamfuta: kuɗina sun yi amfani, amma ba na'urar ce ta yi aikin ba

Masu tambayata ko alaimen na kwamfuta, wato daidaita tsayuwar tayoyin mota da na'ura, ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce eh, da sharaɗi guda: a samu wanda zai duba ƙafar motar kafin ya kunna allon. Wurin da na kai tawa, wani babban garejin taya ne a Kano, kuma na dace da irin wannan mutumin. Sauran abubuwan da na tarar a wurin, akwai na yabo akwai na ƙorafi.

Motar Corolla ce ƙirar 2006, taya 195/65 R15. Tayoyin gaba biyun suna cinyewa ta gefen ciki, na hagu ya fi muni. Wannan irin cin shi ne mai yaudara, domin idan ka tsaya daga waje ka duba za ka ga zanen taya raɗau, sai ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka leƙa ciki sannan ka ga gefen ya suɗe, saura kaɗan waya ta fito. Sitiyarin kuma ya ɗan karkace ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Shugaban masu aikin, wanda yaran ke kira Oga, bai bari a hau da motar kan na'ura ba. Jak aka sa aka ɗaga gaban. Ya kama tayar ta dama da hagu ya jijjiga, sai ga ƙas-ƙas. Ya sake kamawa ta sama da ƙasa, shiru.

"Alhaji, tayarod ɗinka na hagu ya saki," in ji shi. "In na yi maka alaimen a haka, kafin ka kai gida ya warware. Kuɗinka kawai za mu ci."

A nan ya samu yardata. Jijjigar dama da hagu tana tona asirin tayarod, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ta sama da ƙasa kuma boljoyin ko boris. Ya zura ƙarfe ya gwada bushin na hannun ƙasa, ya ce sun fara tsagewa amma za su ƙara jimawa, bai matsa mini sai na canza ba. Ya danna kowace kusurwar motar ya saki don ya ga ko shokozoba na riƙewa. Su ba sa sayar da kayan ƙafa, don haka sai da na je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na sayo tayarod, bakanikensu ya ɗaura. Wannan zirga-zirgar ta cinye mini wuni, kuma da sun ajiye irin waɗannan ƙananan kayan da sun hutar da mutane.

Bayan nan aka hau da ita kan gadar awo, aka maƙala wa kowace taya faranti, kyamarori na karantawa, lambobi suka fito ja da kore. Oga ya juyo da allon ya yi mini bayani, ban roƙa ba. Awo uku ake dubawa. Na farko shi ne inda bakin tayoyin ya fuskanta idan ka kalle su daga sama, ko sun haɗe kai ciki ko sun buɗe waje. Na biyu kwanciyar tayar idan ka tsaya a gaban mota, ko samanta ya jingina ciki ko ya faɗa waje. Na uku karkatar sandar da taya ke juyawa a kanta, wanda ya fi shafar dawowar sitiyari bayan kwana fiye da cin taya. Tawa na farkon ne ya lalace, tayoyin sun buɗe waje, kowace na son tafiya nata wuri, motar kuma tana tilasta musu tafiya gaba. Sakamakon shi ne gefen ciki yana gogar kwalta kamar wuƙa a kan dutsen wasi. Lissafin ma mai sauƙi ne: taya da ta kauce da rabin digiri kacal, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kusan mita 9. Ido ba zai ga rabin digiri ba. Masu yin alaimen da zare a bakin titi akwai gwanaye a cikinsu, ba na raina su, amma zare ba ya nuna maka kwanciyar taya.

Maganar ƙafar baya ma Oga ya faɗi gaskiya. A irin wannan Corollar ƙafar baya ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, babu wurin ɗaurewa ko sassautawa. Idan awon baya ya fita ja sosai, to ƙarfen ne ya lanƙwashe, galibi daga faɗawa rami da kaya a but. Nawa yana cikin kore. Wani wurin da sai a caje ka kuɗin ƙafa huɗu alhali biyu aka taɓa.

Abin da ya fi ba ni mamaki iska ce. Da aka sa geji, tayoyin duk sun haura 40 a ma'aunin PSI. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da kamfanin motar ya liƙa, kuma 30 ta ce, gaba da baya. Yawancin masu faci ba sa kallon wannan takardar. Wasu lambar da ke jikin tayar suke bi, 44 ko 51, alhali wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke buƙata ba. Wasu kuma da ɗan ƙarfe suke ƙwanƙwasawa su saurari ƙara. Iska in ta yi yawa tsakiyar taya ce ke kumbura ta riƙa cin kwalta ita kaɗai, motar ta riƙa tsalle, kayan ƙafa su sha duka. In ta yi kaɗan kafaɗun biyu ne ke cinyewa su bar tsakiya, tayar ta ɗau zafi, kuma wannan ne ke kawo fashewa a doguwar tafiya lokacin bazara. Tayoyina na baya sun nuna alamar cin tsakiya ƙarara. Awon iska da safe ake yi kafin mota ta yi tafiya, domin zafi na ɗaga lambar, kuma ko taya ba ta da huji tana rage iska a hankali, don haka duba sau ɗaya a wata ba ɓata lokaci ba ne. Na sayi ƙaramin geji na ajiye a mota, yanzu ni nake gaya wa mai faci inda zai tsaya.

Oga ya kai ni wurin tulin tsofaffin tayoyin da aka cire wa mutane ya nuna mini sauran nau'o'in. Akwai mai kwari-kwari zagaye da gefe, wannan shokozoba ne ya mutu ko balansin ya ɓaci, tayar na dukan ƙasa tana tashi, kuma ita ce ke yin gurnani a kan hanya har mutum ya zargi boris. Akwai wadda in ka shafa tafin hannu ta gefe guda sumul, in ka dawo ta ɗaya gefen tana kartar ka, ita ma aikin alaimen ce. Akwai mai faci guda a shafe, birkin gaggawa ne ya ja ta. Wannan ɗan darasin ya fi mini allon kwamfutar amfani.

To sai ƙorafi. Ba su ba ni takardar awon ba, suka ce firintar ta lalace, sai hoton allon na ɗauka da waya, kafin gyara da bayansa. Duk wanda zai je ya yi haka, shi ne kaɗai shaidarka. Na biyu, yaran da ke ɗaure noti da bindigar iska suke yi har sai ta daina motsi. Notin wilin Corolla ƙarfin ɗaurinsa 103 ne a ma'aunin Nm, akwai sifana ta musamman da ke auna shi, na kuma gan ta rataye a bango ba mai taɓa ta. Ranar da taya ta yi faci a daji, ɗan sifanar cikin but ba zai kwance abin da bindiga ta ɗaure ba. Sai da na yi magana aka sassauta aka sake ɗaurewa da hannu.

Na uku shi ne mai kanti, wanda aikinsa daban da na Oga. Ya dage sai na sa iskar naitirojin da ƙarin kuɗi. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kuma babu iskar da ke hana taya cin gefe. Ya kuma fito mini da taya biyu a leda a matsayin sababbi. A jikin kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Waɗanda ya kawo sun shekara uku a ajiye. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ƙirga wa taya daga ranar yi, ka ga saura shekara ɗaya ke nan a fara tare ni a hanya. Na ce a canza, aka kawo na bana, farashi ɗaya. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yi a Legas ba da jimawa ba, tayoyinmu daga waje ake kawo su, ba ka san tsawon zaman da suka yi a sito ba sai ka karanta lambar.

Mun ɗan yi gardama kan inda za a sa sababbin. Yaran suka nufi gaba kai tsaye, tunda can aka cire. Oga ya ce a kai su baya, na bayan su dawo gaba, domin a jiƙaƙƙen titi idan baya ya zame direba ba shi da yadda zai yi, gaba kuwa akwai sitiyari a hannunsa. Kamfanonin taya ma haka suke cewa. An yi wa duka huɗun balansin, aka maƙala dalma.

Damina ta wuce a kan tayoyin yanzu. Sitiyari na tsaye daidai, rawar da yake yi idan na kai gudun 100 ta tafi, gefen ciki da na waje zurfinsu ɗaya. A cikin kwarin zanen akwai ɗan tudu da ke nuna iyakar milimita 1.6, shi nake dubawa. Kuɗin alaimen da balansin gaba ɗaya bai kai rabin kuɗin taya guda ba. Zan koma idan motar ta ƙara kilomita 10,000 don a juya tayoyin, na gaba su koma baya a gefensu, na baya su tsallaka gaba. Amma sai na kira na tabbatar Oga yana nan, kuma da takardar ƙofar direba za a sa iska.