Masu ɗinkin bargo, a kula da mai tallan faiba a waya

Shekarata takwas ina ɗinkin zannuwan gado da barguna a gida, nan Gwammaja a Kano, ban taɓa sayen faibar nan, audugar roba da nake cusawa a cikin bargo ba, sai na je Kwari ko Sabon Gari na damƙa da hannuna. Bana kuwa na yi cinikin biri a sama, kuma na sha.

Ana gab da shiga hunturu aiki ya yi min yawa, ga jeren amare uku a wata guda. Sai na ga wani yana tallan faiba a rukuninmu na masu ɗinki a WhatsApp, da bidiyo yana matsa ta tana tasowa kamar burodi. Ya ce mai giram 200 ce, bandir guda, kuma kuɗinta bai kai na kasuwa ba da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na tambayi shagonsa. "Hajiya, ai daga sito nake fitarwa kai tsaye, shi ya sa kika ga sauƙi. Ki turo, yanzu yaro zai kawo miki a Adaidaita." Lambar asusun da ya turo ba sunansa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba.

Kaya sun zo a naɗe cikin leda, an ɗaure tam. Na farke baki na taɓa, fara sol, mai laushi, irin ta bidiyon. Bargo biyu na farko lafiya lau. A na uku ne na ji almakashi yana wucewa babu nauyi. Na warware bandirin a tsakar gida har ƙarshe. Yadi shidan sama ne kawai na kirki. Daga nan sai wata shara-shara wadda kana hango tafin hannunka ta cikinta, an ninka ta biyu don ta yi kauri. Can cikin tsakiya kuma abin ya fi muni: burbushin ƙyallaye da gutsattsarin soso da wata auduga ruwan toka mai warin ajiya, an danne su tsakanin falle biyu na faiba. Har da guntun zare ja da wani ɗan maɓalli na tsinta a ciki.

Na kira, waya tana ta ringin. Na tura hoto, ya gani, ya toshe ni. Da na yi magana a rukuni sai ga mata biyu sun ce su ma haka ya yi musu, da wani suna daban da wata lamba daban, amma bidiyon guda ne. Kunya ce ta hana su faɗa, wai kar a ce sun yi kwaɗayin arha.

Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne. Da ban lura ba na ɗinke, babu mai ganewa ranar jere. Sai an yi wankin farko cikin zai dunƙule ya koma kusurwa guda kamar ƙullin gari, tsakiya ya zama fayau, ƙyallayen masu launi su zuba a jikin farin yadi. Ranar nan uwar amarya ba mai faiba za ta nema ba, ni za ta nema. Dole na kira ta na ce, "Hajiya, a yi min afuwa, a ƙara min kwana uku." Ta ce, "Ba komai 'yar nan, Allah ya mayar miki da alheri." Na fi jin nauyin wannan maganar fiye da a ce faɗa ta yi min.

Giram ɗin nan da suke kira ba ado ba ne, nauyin murabba'in mita ɗaya ne. Bargo mai faɗin mita 2 da tsawon mita 2.2, in faibar 200 ce da gaske, abin da za a yanka masa zai kai giram 880, ya kusa kilo guda. Ki yanka ki ɗora a sikelin kicin. Tawa ta tsakiyar ko rabin haka ba ta kai ba.

Wasu kuma cewa suke "auduga ce zalla" don su ƙara kuɗi. Ashana ɗaya ta isa raba gardama. Ki tsinko kaɗan ki kunna a waje, nesa da kaya: auduga tana ci da wuta da wari irin na takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Faiba roba ce, narkewa take yi tana ƙanƙancewa, ta bar baƙin ƙullutu mai tauri. Kowacce da amfaninta. Faiba ba ta da nauyi, tana saurin bushewa, ba ta tsukewa, shi ya sa muka fi yin bargon amare da ita, sai dai in zafin Afrilu ya zo ba mai iya rufa da ita. Auduga ta fi shan iska amma tana da nauyi, tana ɗan tsukewa a wankin farko, kuma sai an matso da layukan ɗinki kusa da juna, in ba haka ba ta tattare. Audugar rimi da iyayenmu ke cusa matashi da ita, a bar ta a matashi. Santsi gare ta, ba ta zama wuri ɗaya a bargo, ga saurin kama wuta.

Yanzu duk wanda zai sayar min da bandir sai an kwance shi a gabana har ƙarshe, ko da mai shagon zai ɓata rai. Mai kayan gaskiya ba ya ƙi, yaransa ma yake kira su taya ki. In aike ne, sai kaya sun iso na duba kafin kuɗi su fita.

Na kai koke banki, na kuma adana rasit da hirarmu don kai wa hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta jiha. Shekaranjiya wata ƙawata da ke Hotoro ta turo min bidiyon nan dai, hannun nan yana matsa faiba, a wani rukunin daban. Wannan karon ya ce mai giram 300 ce, saura bandir biyar.