Fanka mai caji da sola: barci na saya, ba rangwame ba

Duk wanda ya taɓa yin watan Maris da Afrilu a Garwa, a arewacin Kamaru, ya san fanka a nan ba kayan ƙawa ba ce. Zafi yakan haura digiri 40, bango ya sha rana ya ƙoshi, da dare ya dinga amayar da ita a kan mutane. Saboda haka da 'yan uwa mata suka dame ni da tambaya a kan fankar da na saya, na ga gara in rubuta gaba ɗaya kowa ta karanta.

Ni sana'ata ƙanƙara da zoɓo, wanda muke ce wa folere, ina zaune a Yelwa. Fankar a babbar kasuwa na same ta, a wani shagon kayan lantarki, sefa 45,000 bayan an sha ciniki. Ta tsaye ce, inci 16, ƙirar Sin. A cikin kwalin akwai ƙaramin faifan sola, da ƙwan fitila biyu masu doguwar waya, da wurin cajin salula a jikinta. Yaron shagon ya kunna min ita a gabana, ya rubuta ranar saye a gindinta da alƙalami, ya ce, "Hajiya, in ta yi gardama kafin wata uku ki dawo da ita." Ba ta yi ba, don haka ban gwada alkawarinsa ba.

Abin yabo dai, ba ta da ƙara, kuma in aka sa ta a lamba ta ɗaya ko ta biyu tana kai mutum kusan asuba. In kika murɗa ta zuwa ƙarshe kuwa, kika haɗa da fitilun da cajin waya, kafin tsakar dare ta fara numfashi sama-sama. Iskarta ta mutum biyu ce ko uku a tabarma ɗaya, ba ta cika ɗaki. Fitilun sun fi yadda na zata. Da su yara ke karatu in an ɗauke wuta.

Faifan ne raunin kayan. Ya yi wa batirin kaɗan, yini guda na rana ba ya cika shi sosai, sai an taimaka da wutar gida in tana nan. Da hunturu kuma ƙura takan rufe shi, dole kullum a aiki yaro ya hau ya goge. Wayarsa gajera ce, sai da mai gyara ya ƙara mana. Batirin irin na dalma ne, ƙarami, kuma bayan bazara ɗaya ya fara sanyi. Sabo ya ci min sefa 8,000. Shawarata, kada a bar shi ya mutu murus kafin a mayar da shi caji, wannan ke kashe shi da wuri. Robar wuyanta ma ba ta son a ja ta da ƙarfi.

To ga inda nake so a tsaya a yi lissafi, don akwai masu cewa in an ƙara kuɗin wuta ai sai mutane su koma sola. Fankar sama ta gida takan ci kamar wat 70. In ta yi awa 10 kullum, a wata ta ci kilowat 21. Farashin da aka ɗora wa gidaje tun 2012 shi ne sefa 50 kowane kilowat ga wanda bai wuce 110 a wata ba, 79 daga 111 zuwa 400, sai 94, sai 99 ga manyan masu sha. Ke nan abin da fankar sola za ta rage min a takardar wuta bai wuce sefa 1,050 ba, a ajinmu na masu firiza kuma kamar 1,650. Ki raba 45,000 da wannan, ki ɗora kuɗin batir duk shekara, ki gani ko uwar kuɗi za ta dawo kafin fankar ta tsufa. Ba don tsimi na saye ta ba. Na saye ta ne don yarana su yi barci a daren da babu wuta. Firizata kuwa, wadda ita ce abincinmu, wannan faifai ko kallonta ba zai iya ba. Abin da zai ɗauke ta kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙulla folere a leda.

Shi ya sa duk lokacin da maganar ƙarin kuɗin wuta ta taso, nake cewa mu a arewa mun riga mun biya namu ƙarin, a kasuwa muka biya shi, wurin masu fanka da batir da janareta. Jihohin nan uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, tun 1982 madatsar Lagdo a kan Binuwai ce ƙashin bayan wutarsu, megawat 72 in ruwa ya cika. A shekarar da damina ta gaza, ruwan yakan ja baya, injinan ba sa ba da ko kusa da haka, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, a daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. An kafa tashoshin sola a Marwa da Gidar, megawat 30 a haɗe, kuma gaskiya an ga sauƙi. Amma babbar madatsar Nachtigal mai megawat 420 a kan kogin Sanaga, kudu ta fara haskawa, mu sai an gama jan layin da zai haɗa mu da su. Hukumar ARSEL, wadda ke duba farashi, ya kamata ta sa wannan a kan sikeli. A fara kawo wutar ta zauna tukuna, sannan a zo mana da zancen kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ba a karɓar kuɗin mota kafin a ga motar.

Gas ma haka. Tukunyar gas ta girki mai kilo 12.5 farashin gwamnati sefa 6,500 ne, da tallafi a ciki. A Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta kai 840, amma duk sau biyun an bar gas da kananzir a inda suke, kuma wannan shawara ce mai kyau. Kuɗin mota da na kayan miya sun riga sun bi fetur sun hau. In aka taɓa gas, matan da aka sha wahala kafin su yarda da shi gawayi da itace za su koma, a yankin da itatuwan suke ƙarewa. Ni da nake dafa folere a babbar tukunya, ni ce ta farko da zan koma.

Fankar dai, in da hali a saya, amma a nemi mai shago ya canza faifan da wanda ya fi shi girma ko da za a ƙara kuɗi, a kuma tambaye shi ko yana sayar da batirinta kafin a biya. Wadda ke da jariri ko tsoho a gida kada ta jira Maris, don da zafi ya shigo farashin ke tashi.