Murhun masara mai yawan mutuwa: abin da na gani a Iowa

A ƙauyukan jihar Iowa ta Amurka, inda aka fi ko'ina noman masara a ƙasar, akwai gidajen da da tsabar masara suke ɗumama ɗaki. Irin wannan murhu muke amfani da shi a gidan da muke zaune. Da farko abin ya yi mini nauyi a rai, mutum yana kallon hatsi na ci da wuta. Sai dai masarar nan yawancinta ta dabbobi ce da ta masana'antar etanol, sinadarin da ake gaurayawa da man fetur, kuma idan sanyin Janairu ya sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, ba a doguwar muhawara.

Wajen ɗumi ban da ƙorafi. Ana zuba masara a mazubi, wani ƙarfe mai murɗi yana juyawa yana turo ta kaɗan-kaɗan cikin kaskon wuta, fanka ɗaya na jan hayaƙi waje, ɗaya na hura ɗumi cikin ɗaki. Awo guda na bushel, wato kusan kilo 25, yakan kai mu yini da kwana idan ba a ƙure wutar ba. Matsalarsa ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba: sai cikin dare ya mutu, ka farka da asuba gida ya yi ƙanƙara.

Abin da na fahimta shi ne, sau da yawa ba lalacewa ya yi ba. Shi ke kashe kansa da gangan idan wani abu bai yi masa daidai ba, kuma galibi laifin na masarar ne. Idan laimarta ta wuce kashi 15 cikin ɗari, wutar sai ta yi ta lumshewa, sensar da ke auna zafin hayaƙi ta ɗauka wuta ta mutu, ta tsayar da komai. Masarar da aka ɗebo daga rumbun manomi kuma tana zuwa da dusa da gutsattsarin totuwa da kara, su ne ke cushe ƙarfen turawar. Tunda muka fara tankaɗe ta da rariyar waya kafin zubawa, mutuwar ta ragu ƙwarai.

Sai ƙanzo. Haka nake kiransa, don kamar na gindin tukunyar tuwo yake, sai dai ya fi shi tauri nesa ba kusa ba. Masara ba ta ƙonewa ta zama toka zalla irin itace, dunƙulewa take yi a cikin kasko ta toshe ramukan iska. Kullum sai an ɗaga shi, ko ana so ko ba a so. Garin ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo), irin wanda ake ba kajin ƙwai, idan aka barbaɗa kaɗan a masarar yana sa shi saurin farfashewa. Gauraya ta da ƙwayoyin garin katako ma na taimakawa, kuma da su ake tayar da wutar, don masara ba ta kamawa da sauƙi.

Wanda ya fi wahalar ganewa shi ne na iska. Akwai makunnin da ke lura da ƙarfin jan hayaƙi; da zarar igiyar da ke toshe gefen ƙofar murhun don kada iska ta shiga ta saki, ko toka ta taru a bututu, sai ya hana masara sauka. Wani maƙwabci ya nuna mini dabara: ka rufe ƙofar a kan takardar dala, idan ta zaro ba gardama, igiyar ta gama aiki. Kada dai a ce za a haɗe wayoyin makunnin don a huta, wannan wasa ne da hayaƙi mai kisa. Littafin da ya zo da murhun ya taƙaita bayanin nan har ya yi yawa, nan kam masu ƙera shi sun gaza.

Shin zan ba wani shawarar saye? Idan yana kusa da manoma kuma ba ya ƙyashin shara kullum, e. Amma ya yi lissafi: a 2005 da murhunan suka yi tashe, bushel wajen dala 2 ne, a lokacin farin da aka yi a 2012 kuwa ya haura dala 8. Ya tanadi durom mai murfi saboda ɓeraye, ya guji irin shuka da aka yi wa magani. Janareta ko batir ma dole ne, don ana ɗauke lantarki murhun ke tsayawa.