Wata shida da ƙaurar rumbun bayanan gungun kwamfutocinmu zuwa MariaDB 10.11

Umarni guda ne ya fara nuna mana cewa tsohuwar sabar ta gaji, wato sacct. Mai bincike zai buga shi don ya ga ayyukan da ya tura a watan da ya wuce, sai allo ya tsaya cik. Ya jira, ya ƙara jira, daga nan ya aiko mini da saƙo cewa gungu ya mutu. In je in duba in tarar injinan lissafi suna ta aikinsu, fankokinsu na kuka kamar kullum, layin ayyuka na tafiya. Abin da ya yi nauyi wata kwamfuta ce guda a can ƙasan durowar ƙarfen da ake jera injinan, wadda ba mai tunawa da ita sai ranar da ta ƙi amsawa.

Ga wanda bai saba da wannan aiki ba, gungu irin namu tarin kwamfutoci ne da aka haɗa su don su yi lissafin da guda ɗaya ba za ta iya ba. Manhajar da ke raba musu aiki ita ce Slurm, wadda aka fara ginawa a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Amurka. Tana da sassa uku da suka shafi labarin nan. Akwai slurmctld mai rabon aiki, akwai slurmd da ke zaune a kan kowane inji, sai slurmdbd, wanda shi ne magatakarda. Duk aikin da aka tura, wane ne ya tura shi, injina nawa ya riƙe, awa nawa ya ci, yadda ya ƙare, magatakardan nan ne ke rubuta shi a rumbun bayanai. Can ne kuma sunayen masu amfani da gungun suke, da rukuninsu, da iyakar abin da aka yarje wa kowa. Shi ya sa ba na ɗaukar rumbun a matsayin wurin ajiye tarihi kawai. Idan rukuni biyu suka yi saɓani kan wanda ya fi cin lokacin injina, shi ne shaidar da kowa ke komawa gare ta, kuma hakkin mutane ne a ciki.

Namu rumbun yana kan MariaDB 5.5, wato manhajar da ke riƙe da bayanan, wadda ta zo tare da CentOS 7, nau'in Linux ɗin da sabar ke aiki da shi. Ranar 30 ga Yunin 2024 aka daina kula da CentOS 7, saboda haka ƙaura ta zama dole ko da sabar ba ta yi nauyi ba. Mun zaɓi MariaDB 10.11 domin tana cikin sigogin da ake daɗewa ana kula da su: ta fito a Fabrairun 2023, kuma za a ci gaba da yi mata gyara har Fabrairun 2028. Mun ɗan yi magana kan komawa MySQL, wata manhajar rumbun bayanai, tunda Slurm na aiki da duka biyun, kuma asalinsu ɗaya ne. Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, shi ya ɓalle da MariaDB a 2009. Ba mu ga abin da za mu samu a can wanda babu a nan ba, sai muka tsaya inda hannunmu ya saba.

Ruwa ba ya tsami banza. Da na zauna na binciki tsohuwar sabar a tsanake, abu biyu na gano, kuma duka biyun sakacinmu ne na shekaru. Na farko, innodb_buffer_pool_size, wato yawan ƙwaƙwalwar da rumbun ke ware wa bayanan da ake yawan nema, yana nan a megabait 128 kamar yadda ya zo tun ranar da aka girka shi. Masu Slurm kuwa suna ba da shawarar a ba shi aƙalla gigabait 4. Ke nan duk tambayar da aka yi, sai sabar ta koma faifai ta tono amsa. Na biyu shi ne wani fayil mai suna ibdata1. A siga ta 5.5, idan ba ka sauya saiti ba, duk teburori a cikin wannan fayil guda suke taruwa, kuma shi kumbura kawai ya sani. Ko ka goge rabin bayanan, girmansa ba ya raguwa. Namu ya kai gigabait gommai, ya kusa cinye faifan. Wannan ne ya yanke mana shawarar yadda za mu yi ƙaurar: ba za mu ɗora sabuwar siga a kan tsofaffin fayiloli ba, za mu fitar da bayanan gaba ɗaya da umarnin mysqldump mu zuba su a sabuwar saba mai faifan NVMe mai sauri, inda kowane tebur ke da nasa fayil.

Inda nake so mai karatu ya fi natsuwa shi ne tsarin abin da za a fara da abin da zai biyo baya, domin a nan ne ake yin ɓarnar da ke da wuyar gyara. Daga siga ta 10.2.1, MariaDB ta sauya yadda take tafiyar da ƙimar asali ta wasu ginshiƙan tebur, wato abin da take cikewa da kanta idan ba a ba ta komai ba. Takardun Slurm sun faɗa ƙarara cewa duk mai ɗauko tsohon rumbu zuwa 10.2.1 ko sama da haka ya tabbata slurmdbd ɗinsa ya kai 22.05.7. Mu kuwa muna kan 21.08. Da mun yi gaggawar kwashe bayanai zuwa sabuwar saba saboda zumuɗin sabon inji, da mun haɗa tsohon magatakarda da kundin da bai iya karanta shi daidai ba. Sai muka raba aikin kashi uku. Muka fara ɗaga Slurm zuwa ƙarshen jerin 22.05 alhali rumbun na kan tsohuwar saba. Muka bar shi ya zauna makonni. Sannan muka yi ƙaurar rumbun shi kaɗai, ba mu taɓa komai tare da shi ba. Sai daga baya muka haura zuwa 23.11, wanda bai wuce tazarar manyan sigogi biyu da aka yarda a tsallake a lokacin ba. A kowane ɗagawa slurmdbd ne ke fara shiga, slurmctld ya biyo, injinan lissafi su zo ƙarshe, domin ba a so magatakarda ya kasance a baya da mai rabon aiki. Wani abokin aikina ya so mu haɗa duka a rana guda don kada mu dami masu bincike sau uku. Na fahimci hujjarsa, amma ban yarda ba, kuma har yanzu ina kan ra'ayina: idan ka sauya abu uku lokaci ɗaya wani ya lalace, ba za ka san wanne za ka tuhuma ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka sai da muka yi gwajin ƙaurar sau biyu da kwafin bayanan. Gwaji na farko ne ya kama mana kuskuren da zai iya cinye mana yini guda. Mun haɗa manhajar Slurm a sabuwar sabar ba tare da mun girka kunshin mariadb-devel ba. Haɗawar ta kammala lafiya lau, ba ƙorafi, amma da muka tayar da slurmdbd sai ya ce bai ga accounting_storage_mysql ba, wato sashen da yake magana da rumbun ta cikinsa. Ba a gina shi ba sam. A ranar gwaji wannan gyaran rabin awa ne. Da a ranar aiki ne, da mutane na jira, da labarin ya bambanta.

Ranar ƙaurar kanta ba ta da wani dogon labari, kuma haka nake so. Mun tsayar da slurmdbd, muka fitar da slurm_acct_db, wato kundin bayanan Slurm, kaɗai, ba mu ɗauko teburorin tsohon tsarin ba. Muka zuba a sabuwar saba, muka ƙirƙiri asusun slurm sabo da izininsa, muka kai mabuɗin MUNGE, wanda injinan ke tantance juna da shi, muka tabbata agogon sabar ya yi daidai da na sauran. Fayil ɗin slurmdbd.conf ma sai an kulle shi yadda mai shi kaɗai ke iya karantawa, in ba haka ba slurmdbd ba zai tashi ba. Abin da ya burge ni a nan shi ne ba mu tsayar da aikin kowa ba. Idan magatakarda ba ya nan, slurmctld yana tara saƙonnin da zai ba shi a layi har ya dawo. Na buɗe wani allo a gefe ina buga sdiag lokaci zuwa lokaci, ina kallon adadin saƙonnin da ke jira yana hawa a hankali. Layin yana da iyaka, kuma idan ya cika za a fara zubar da bayanai, don haka mun roƙi masu tura dubban ƙananan ayyuka su dakata na yinin. Da muka nuna wa slurmctld sabon adireshi, na ga adadin nan ya fara gangarowa, cikin ɗan lokaci ya koma sifili. A nan ne na saki ajiyar zuciya.

Ɗagawa zuwa 23.11 ita ce ta gwada sabuwar sabar da gaske. Duk lokacin da sabon slurmdbd ya tashi a karon farko, yana sauya fasalin teburori, kuma a babban rumbu hakan na iya ɗaukar dogon lokaci. Kada ka tayar da shi ta systemd, mai tayar da manhajoji kai tsaye a Linux, a wannan karon, domin yana iya ganin an daɗe ya kashe shi ana tsakiyar aiki. Da hannu ake tayar da shi, slurmdbd -D -vvv, ka zauna kana kallo, kuma ko ya yi shiru kada ka katse shi. Komawa baya babu, sai dai ka maido da kwafin ajiya. Mun kuma ɗaga innodb_lock_wait_timeout daga daƙiƙa 50 zuwa 900 kamar yadda aka ba da shawara. A tsohuwar saba irin wannan sauyi ya cinye mana mafi yawan yini. A sabuwar, tun ban gama rubuta sanarwar da zan aika wa masu bincike ba ya kammala.

To, bayan wata shida, me na gani? Umarnin sacct yana amsawa nan take. Rahoton wata na sreport, wanda da nake tayarwa in tafi wani aiki, yanzu ina zaune yake fitowa. Sabar ba ta taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya. Amma gaskiya ita ce ba zan iya jingina duk saurin nan ga MariaDB 10.11 ita kaɗai ba. Mun sauya faifai, mun ba rumbun gigabait 16 na ƙwaƙwalwa a maimakon megabait 128, mun kuma rage kaya. Na tabbata da mun gyara saitin tsohuwar tun da wuri, da mun samu kaso mai tsoka na wannan sauƙin shekaru da suka wuce. Abin da sabuwar sigar ta ba mu wanda saiti ba zai bayar ba shi ne gyaran tsaro da ke ci gaba da zuwa. Ta kuma zo da teburori a fayiloli daban-daban tun daga farko, yadda idan ɗaya ya kumbura kana ganinsa da idonka.

Rage kayan ya jawo muhawara fiye da komai. Teburin matakan ayyuka shi ya fi girma a wurinmu, don aiki guda na iya haifar da matakai da yawa. Muka saita PurgeStepAfter ya riƙa share su bayan wata shida, PurgeJobAfter kuma bayan shekara biyu, tare da kunna adanawa don a fitar da su zuwa fayil kafin a share. Wata shugabar rukunin bincike ta damu ƙwarai, tana tsoron rahoton da take kai wa masu ɗaukar nauyin aikinta zai ɓace. Damuwarta tana kan hanya. Na zaunar da ita na nuna mata cewa sreport ba daga teburin ayyuka yake ɗauko lissafi ba, daga teburorin jimilla na awa da yini da wata ne, waɗanda ba mu taɓa ba. Sai da ta ga alkaluman shekarun baya sun fito daidai sannan hankalinta ya kwanta.

Abu ɗaya ya ba ni tsoro, kuma laifinmu ne. Tun daga siga ta 10.4, asusun root na rumbun, wato babban asusu mai cikakken iko, yana gane mai shiga ne ta asusunsa na kan injin, ba a ba shi kalmar sirri tun farko ba. Tsohon rubutun da ke ɗaukar mana kwafin ajiya kowane dare yana shiga ne da tsohuwar kalmar sirrin root, daga wani asusu na daban. An rubuta wannan sauyi a bayanan sigar, mu ne ba mu haɗa shi da rubutun namu ba. Dare uku yana ƙirƙirar fayil mai suna daidai, da kwanan wata daidai, amma ba komai a ciki. A safiya ta huɗu ina duba wurin ajiyar don wani dalili daban na ga girman fayilolin bai kai kilobait ɗaya ba. Gabana ya faɗi, domin a kwanakin nan da faifai ya mutu, da bayanan kwana uku sun tafi ba dawowa. A ranar muka buɗe wa aikin asusunsa na kansa mai izinin karatu kawai, muka sa rubutun ya riƙa duba girman fayil ya aiko saƙo idan ya gaza, kuma yanzu duk wata muna maido da kwafi ɗaya a injin gwaji mu ga ko ya tashi.

Bayan ƙaura, ka buga sacctmgr show runawayjobs. Yana nuna ayyukan da suka ƙare amma rumbun bai samu labarin ƙarewarsu ba, yana ta ƙirga wa masu su lokaci. Mun samu 'yan kaɗan, wasu tun kafin ƙaurar ma suke, kuma gyara su ya rage wa wani rukuni awannin da ba su ci ba.

Idan gungunka na kan Slurm kuma rumbunka na kan 5.5 har yanzu, ina ba ka shawarar 10.11 ba tare da wata shakka ba, muddin slurmdbd ɗinka ya kai 22.05.7 kafin ka motsa. Tsohuwar sabarmu tana nan a kashe a ƙasan durowar, ban bari a goge faifanta ba. Sai rahoton ƙarshen shekara ya fito, kowane rukuni ya duba nasa ya amince, sannan zan sa hannu a cire ta.