Jan layi ko nisa da kusa: wanne mai koyon zane zai fara?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya tambaya jiya. Rabin awa kawai yake samu bayan ya taso daga aiki, layinsa yana rawa, gidajen da yake zanawa kuma kamar za su kife. Ya fara da horar da hannu ne, ko da koyon nisa da kusa, wato yadda abu ke ƙanƙancewa a ido in ya yi nisa?

Malam, ciwo biyu ka kawo, kowanne da maganinsa. Rawar layi daga hannu take, gidan da ya karkace kuwa daga ido da lissafi.

Mu fara da hannun. Dukkanmu da rubutu muka saba, inda yatsu da wuyan hannu ke yin aikin, shi ya sa dogon layi ke fitowa guntu-guntu kamar ɗinkin ɗan koyo. Dogon layi daga kafaɗa yake tasowa. Sa ɗigo biyu a takarda, tazarar taƙi ɗaya. Wuce da biro a iska tsakaninsu sau uku ko huɗu ba tare da ka taɓa takardar ba, idonka a kan ɗigon da za ka, sannan ka ja sau ɗaya tak. In ya kauce, ƙyale shi, ja wani. Na ce biro da gangan, domin mai fensir da kilina rabin lokacinsa a goge-goge yake ƙarewa. A wannan matakin, layin da ya fita sumul amma ya kuskure ɗigo ya fi wanda ya isa yana makyarkyata, saboda saiti yana zuwa daga baya. Ka tsaya ka kalli mai zanen lalle ranar biki: ba ta da damar gogewa, don haka ba ta ɗora hannu sai ta san inda layin zai tsaya. Wannan ba a karanta shi a littafi, sai an cika takardu.

Nisa da kusa kuma a zama ɗaya za a iya fahimtar tushensa. Wani magini a birnin Florence na Italiya, Filippo Brunelleschi, shi ya nuna ƙa'idar a farkon ƙarni na 15, wani masani ɗan Italiya, Leon Battista Alberti, kuma ya rubuta ta a 1435. Ga ta a taƙaice. Akwai layi a kwance daidai tsayin idonka. Abin da ke ƙasa da shi kana ganin samansa, abin da ke sama da shi kana ganin ƙasansa. Layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, in suka nufi nesa, sai su yi kamar za su haɗe a ɗigo ɗaya, yadda layin dogo yake yi in ka hango shi ya miƙe. In kana fuskantar bango kai tsaye, ɗigo ɗaya ya isa. In a kusurwar gida ka tsaya, biyu ne, dama da hagu. In ka ɗaga kai kana kallon dogon bene daga gindinsa, na uku ya shigo. Ko kofin shayi dokar ta hau kansa: bakinsa yana ƙara tsukewa yayin da ka ɗaga shi kusa da tsayin ido.

To ga inda suka rabu. Hannu yana son kaɗan-kaɗan kullum, kwana uku ka bari sai ka ji ya yi nauyi. Ƙa'idar nisa da kusa in ta shiga kai ba ta fita da wuri. A horon hannu rula ba ta da gurbi, a nisa da kusa kuwa kawo ta, domin ita ce alƙali. Kuskuren hannu nan take kake ganinsa. Na nisa da kusa ɓoyewa yake, sai dai ka ji zanen bai kwanta maka ba, ka rasa dalili.

Ni dai da hannu zan ce ka fara, mako biyu cur. Dalilina shi ne, in layinka yana rawa, ba za ka gane ko lissafinka ne ya kuskure ko hannunka ba. Bayan nan raba rabin awar: minti 10 na layuka da da'irori, minti 20 na zana akwati, wanda shi ke haɗa darussan biyu. Darussan Drawabox na intanet har akwati 250 suke sa ɗalibi ya zana, kuma ba mugunta ba ce. Ajiye kwalin ashana a tebur, zana shi da hannu zalla har da gefunan bayan da ba ka gani. Sai ka ɗauko rula da jan biro ka tsawaita kowane gefe zuwa nesa. In layukan suna matsowa kusa da juna, ka kama hanya. In bajewa suke yi, ga abin da ke kifar maka da gidaje nan. Gobe ka juya kwalin, ka sake.