Wata shida da Hinari a wani ɗakin karatu na Kumasi

Ni ma'aikaciyar jinya ce mazauniyar unguwar Aboabo a Kumasi, kuma tun da na koma ƙaro karatu na fara rubuta kundin bincikena a kan kula da yara masu ciwon sikila, ban ga abin da ya share mini hawaye kamar Hinari ba. Shiri ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002, yanzu yana ƙarƙashin Research4Life, wato haɗin gwiwar shirye-shirye irinsa, domin makarantu da asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta mujallun likitanci kyauta ko da rahusa.

A da PubMed, wato shafin intanet na neman maƙalolin likitanci, kaɗai na sani. Sai in ga taƙaitaccen bayanin maƙala in sa rai, ina dannawa a nemi dalolin da sun fi kuɗin cefanen mako a gidanmu. Ranar da ma'aikaciyar ɗakin karatun ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta nuna mini cewa sai na shiga Hinari tukuna sannan in buɗe PubMed ta cikinsa, ta kuma koya mini nema da kalmomin MeSH, wato tsararrun kalmomin likitanci da PubMed ke rarraba maƙaloli da su, maimakon in rubuta duk abin da ya zo mini baki, a ranar na san na daɗe ina zagaye rijiya ba guga. Kafin la'asar na tara cikakkun maƙaloli a kan maganin haidroksiyuriya da ake ba masu sikila, da wasu a kan gwajin sikila ga jarirai da marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranta a nan Kumasi tun 1995, kuma karanta aikin da aka yi a kan 'ya'yan garinmu ya ratsa ni ƙwarai. Mujallar Ghana Medical Journal kuwa a shafin African Journals Online na same ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗakin karatun kansa. Kwamfutocin ba su wadatar da mu ba, in aka ɗauke wuta intanet ta tafi ke nan, sannan har yau ba a samar mana hanyar shiga daga gida ba, don haka in na tashi daga aikin dare sai in hau torotoro, wato ƙaramar bas ta haya, da barci a idona saboda maƙala biyu. Na kai wannan koke a rubuce, ina kuma jiran amsa kafin zangon karatu mai zuwa.